Sabis a Apo, Garanti a Kamfani: Yadda Takaddamar Wata Mota Ta Kaya a Abuja

Motar da ake magana a kanta ƙaramar jif ce mai shan fetur, an saye ta sabuwa dal a hannun dilan da kamfani ya amince da shi a Abuja a ƙarshen 2022. Mai ita yayata ce, 'yar wan mahaifina, ma'aikaciyar gwamnatin tarayya da ke zaune a Kubwa. Da bashin ƙungiyar adashin ofishinsu ta saye ta, ana cira a albashi duk wata. Garantin da aka ba ta shi ne wanda aka fi sani a kasuwarmu: shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika.

A watan Maris na 2025, mita tana nuna kilomita 43,000 da 'yan kai, motar ta kawo matsala biyu kusan lokaci guda. AC ya daina sanyi ana tsakiyar zafin bazara. Injin kuma ya fara wata ƙara duk safiya idan an tayar da shi, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, daƙiƙa biyu ko uku sai ta ɗauke. Da ta kai wa dila, aka duba littafin sabis, aka ce mata garanti ya faɗi tun ranar da ta fara kai motar wani gareji a Apo, wata unguwa a Abuja mai tarin makanikai. Daga ƙarshe an canza mata kwamfuresar AC kyauta, an raba nauyin gyaran injin tsakaninta da kamfani. Ni na taya ta tattara takardu, domin aikina kula da motocin wata ƙungiya ne, kuma abin da ya gudana tsakanin waccan amsa ta farko da wannan sulhu shi ne zan bi daki-daki.

Abin da ya kai ta Apo

Sabis huɗu na farko duk a garejin dila aka yi su, kowane kilomita 5,000, an buga hatimi a littafi. Ba ta da ƙorafi a kan aikinsu. Aljihu ne ya gaza. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da sakin naira da Babban Banki ya yi a watan Yuni na shekarar, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tashin gwauron zabi, baƙin mai da filta kuwa suna ciki. Kuɗin juye ɗaya a kamfani ya kai inda sai ta zauna ta auna shi da kuɗin makarantar yara. Ga ɓata lokaci: sai an ba ka rana, ka taso da sassafe daga Kubwa, ka ajiye mota, ka nemi abin hawa zuwa Sakatariya, ka dawo da la'asar wataƙila a ce maka sai gobe.

Wata abokiyar aikinta ce ta haɗa ta da wani makanike a Apo, Bahaushe ɗan Jos, wanda ya yi shekaru a garejin wani dila kafin ya buɗe nasa. Yana da kwamfutar da ake jonawa a duba lafiyar mota, kuma yana rubuta duk abin da ya yi. Kuɗinsa bai kai rabin na kamfani ba, ko da an sayi mai irin wanda littafin motar ya ce.

Kafin ta fara kai masa, ta tambayi ƙaninta da ke zaune a Amurka. Ya ce mata, "Yaya, ki kai inda kike so. Doka ta hana su soke miki garanti a kan wannan." Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ƙasar da yake zaune ce.

Dokar can da ta nan

A Amurka akwai dokar garanti ta Magnuson-Moss tun 1975, mai ɗauke da sunayen 'yan majalisar da suka kawo ta, Sanata Warren Magnuson da John Moss. Ta hana kamfani ya ɗaure garantinsa da sharaɗin lallai sai ka yi amfani da kayansa ko garejinsa, sai dai in kyauta zai ba ka kayan ko aikin. Hukumar kasuwanci ta tarayya a can, FTC, ta bayyana cewa kafin dila ya ƙi gyara, shi ne zai nuna cewa aikin da aka yi a waje ko kayan da aka sa su suka jawo lalacewar. Tarayyar Turai ta biyo ta hanyar dokar gasa. Ƙa'idarta mai lamba 461/2010 kan gyaran motoci da kayan safaya, wadda aka tsawaita zuwa 2028, tare da bayanan da suka raka ta, tana kallon sharaɗin "sai a garejinmu" a matsayin abin da kan iya danne ƙananan garejoji. Amma ko a can, gyaran da kamfani zai biya daga aljihunsa a ƙarƙashin garanti, a garejin da ya amince da shi ake yi. Kusa da mu, Hukumar Gasa ta Afirka ta Kudu ta fitar da jagora da ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2021. Mai mota yana iya kai ta gareji mai zaman kansa tana cikin garanti, makaniken ya rubuta aikin a littafin sabis. In aikinsa ya ɓata wani sashe, garantin wannan sashen ne ke iya faɗuwa, sauran yana nan daram.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta aiki a Abuja. Ina nanata haka ne saboda ana yawan turo bidiyon mutanen Amurka a WhatsApp suna cewa haƙƙinka ne, mutanenmu su ɗauka har da su ake. Wanda ya sayi mota a nan abu biyu ne a hannunsa. Na farko takardun da aka ba shi da waɗanda ya sa wa hannu. Na biyu Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC a gurbin tsohuwar Majalisar Kare Masu Saye, ta kuma kafa kotun musamman ta irin waɗannan lamura. Doka ce ta gama-gari, yadda ta shafi mai sayen mota haka ta shafi mai sayen firji. Ta ce kayan da aka sayar su kasance masu inganci. Ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka zo da aibi. Ta hana sharuɗɗan da suka wuce gona da iri a kan mai saye, ta kuma ce sharaɗin da ke rage nauyin da ke kan mai sayarwa sai an jawo hankalin mai saye gare shi a fili kafin a ƙulla ciniki. Wata ukun ya wuce wa Yaya tuntuni. Abubuwa biyun ƙarshe su ne muka riƙe.

Duk wannan maganar wanda ya sayi mota a hannun dila mai izinin kamfani ce. Mai tokumbo galibi ba shi da garantin da zai tsare. Wanda kuma ya sayi sabuwa a leda da aka ɗauko daga Dubai ta hannun masu filin sayar da motoci, sau da yawa garantinta na yankin da aka ƙera ta dominsa ne, dilan nan ba zai ɗauki nauyinta ba.

Amsar farko

Saurayin da ke karɓar motoci a garejin dila ya buɗa littafin, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, hatiminmu na ƙarshe a kilomita 20,000 yake. Daga nan ina aka kai ta?"

Ta ce, "Apo. Ga rasit nan a jakata."

"Ai Hajiya da zarar wani ya taɓa ta a waje, garanti ya faɗi. Haka tsarin yake. Za mu gyara, amma ke za ki biya."

Bai ko karɓi rasit ɗin ya duba ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Amma ya kamata a fahimci inda yaron yake tsaye. Gyaran garanti ba daga aljihun dila yake fita ba. Dila yana yin aikin, ya tura buƙata ga babban wakilin kamfani ko kamfanin da ya ƙera motar, da lambar shasi mai harafi da lamba 17, da kilomita, da hotunan abin da ya lalace, da tarihin sabis. Sau da yawa har kayan da aka cire ana ajiyewa don a bincika. In can suka ƙi, asarar ta dawo kan dila. Saboda haka littafin da ba shi da hatimi haɗari ne gare su, kuma amsa mafi sauƙi ga ƙaramin ma'aikaci ita ce a'a. Akwai kuma abin da ba a faɗa da baki: garejin dila wurin samun kuɗi ne, duk motar da ta koma Apo ciniki ne ya fita.

Suna da wata hujja ta gaskiya da bai kamata a raina ba. Jabun baƙin mai da jabun filta sun cika kasuwa, a Gudu, a Zuba, har a wasu gidajen mai, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta sha kama man inji marar inganci. Kamfanin da ya ɗauki alkawarin inji na shekara 3 yana da haƙƙin ya tambayi me aka zuba a ciki. Abin da ba shi da haƙƙi a ganina shi ne ya ƙi sauraron amsar.

Takardu biyu da ba su ce abu ɗaya ba

Da muka zauna da daddare muka zazzage jakar takardun motar, sai muka tarar da abu biyu. Littafin garanti na kamfanin da ya ƙera motar ya wajabta a riƙa sabis a kan lokaci kamar yadda jadawali ya tsara, a kuma ajiye shaida. Game da inda za a yi, shawara ya bayar a je garejin da aka amince da shi, bai ce dole ba. A jerin abubuwan da garanti bai ɗauka ba, ya sa lalacewar da ta samo asali daga rashin sabis, ko sabis marar kyau, ko amfani da mai da kayan da ba su dace ba. Ma'ana sai an danganta lalacewar da aikin.

Takarda ta biyu ita ce wadda ta sa wa hannu ranar karɓar mota, ta dila ce shi kansa. A bayanta, da ƙananan haruffa, akwai layi ɗaya da ke cewa duk sabis a lokacin garanti a garejinsu za a yi, in ba haka ba garanti ya ɓaci. Yaya ta rantse ba wanda ya nuna mata wannan layi. Ranar ana ta ɗaukar hoto da makulli, aka miƙo takardu aka ce ta sa hannu nan da nan.

Sa'ar da ta yi ke nan, domin ba duk littattafan garanti ne iri ɗaya ba. Akwai wanda kamfanin da kansa ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa sabis sai a garejin da ya amince da shi. Da irin wannan ne a hannunta, da ƙafarta ba ta tsaya a wuri mai ƙarfi ba, sai dai ta je ta yi jayayya cewa sharaɗin ya wuce gona da iri, wannan kuwa doguwar tafiya ce. Duk wanda ke tunanin fita daga garejin dila, shafukan nan biyu ko uku na littafinsa su ne farkon abin karantawa, kafin ya tambayi kowa.

Rasit ɗin Apo, da gibin da ke cikinsu

Makaniken ya yi mata sabis uku: a kilomita 25,000, da 30,000, da 40,000. Kowane rasit yana ɗauke da kwanan wata, lambar mota, abin da mita ta nuna, sunan baƙin man da kaurinsa, 5W-30 kamar yadda littafi ya ce, da lita nawa aka zuba. Tun ranar farko ya kafa mata sharaɗi ɗaya: "Hajiya, filta dai ki saya a kantin safaya na kamfani, ki kawo mini da rasit ɗinsa. Ni ba na sa wa sabuwar mota filtar kasuwa." Wannan dabara ta yi mata rana, domin shaidar cewa filtar ta asali ce tana cikin kwamfutar dilan da kansa. Yana kuma canza filtar iska da wuri lokacin hunturu, yana rubutawa.

To amma daga 30,000 sai 40,000. Ina na 35,000?

Da babbar sallar 2024 iyalin sun tafi Funtuwa, babban ɗanta ne ke tuƙi. A hanyar dawowa ya ga lokacin juye ya wuce, ya tsaya wajen wani mai juye a bakin titi kusa da Zariya. Aka zuba mai kauri, 20W-50, wanda ake aunawa daga duro, aka ɗaura filtar da aka samu. Babu rasit. Yaron yana ganin taimako ya yi. Sai da motar ta koma Apo makaniken ya kwance filtar, ya ɗauki hotonta ya tura wa Yaya, ya rubuta, "Hajiya, wa ya sa miki wannan? Ba aikina ba ne." Hoton yana nan a wayarta da kwanan wata.

Nan lamarin ya zama gaba kura baya sayaki. In aka yi shiru, takardu suna nuna motar ta yi kilomita 10,000 ba juye, ninki biyu na abin da jadawali ya yarda. In aka faɗa, an amsa cewa mai da filtar da ba su dace ba sun yi wata da watanni a cikin injin. Ɗan nata ya kawo shawarar a roƙi makanike ya rubuta rasit na 35,000 ya mayar da kwanan wata baya. Da na je Apo na shaida masa abin da ake tunani, bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Yallaɓai, abin da ban yi ba ba zan rubuta ba. Ran da aka kama rasit ɗaya na ƙarya, na gaskiyar ma sun mutu, nawa da na duk wanda ya taɓa kawo mini mota." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ban da haramcin abin, ƙarfin da muke da shi gaba ɗaya a kan amincin takardun nan yake.

Me man ya yi, me bai yi ba

Sai an ɗan shiga cikin inji kafin a gane dalilin da ya sa matsalolin biyu suka rabu. Kwamfuresar AC tana da nata mai da nata gas a cikin bututun da ke rufe. Bel ne kawai ke haɗa ta da inji. Ko wane irin baƙin mai aka zuba a injin, ba ya isa gare ta. Da a ce an taɓa kai motar wajen masu cika gas a waje, da dila ya sami abin kamawa, domin gas marar kyau ko wanda ya yi yawa yana kashe kwamfuresa. Ba a taɓa ba, kuma babu rasit ɗin da ya ambaci AC.

Ƙarar safiya kuwa daga saman injin take, inda sarƙar taimin ke juya wata giya mai sauya lokacin buɗewar bawul gwargwadon gudun mota. Matsin baƙin mai ne ke sarrafa wannan giya ta wasu ƙananan hanyoyi. Idan an kashe inji, wani ɗan fil yana kulle ta har sai mai ya hau sama a tashi na gaba. In fil ɗin ya ci ko ya daina kamawa, giyar tana kaɗawa a daƙiƙun farko kafin matsi ya iso. Wannan yana iya zama aibin ƙira, yana kuma iya zama sakamakon mai mai datti, ko mai da ke jinkirin hawa, ko filtar da ba ta riƙe mai. Filta mai kyau tana da bawul ɗin roba da ke hana mai komawa ƙasa cikin dare. Ta araha sau da yawa ba ta riƙewa, sai injin ya tashi samansa a bushe.

Lambobin da ke jikin galan ma'anarsu ke nan: ta gaban W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta bayan kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Makanikai da yawa a ƙasar nan sun taso da aƙidar cewa ƙasar zafi sai mai kauri, kuma a tsofaffin Fijo da suka koyi aiki a kansu hakan ya yi daidai. Injinan yanzu hanyoyin mansu sun fi matsewa, an ƙera su ne a kan mai mai sauƙin gudu. Haka kuma yanayin Abuja yana cikin abin da littattafan motoci ke kira aiki mai tsanani: ƙurar hunturu, gajerun tafiye-tafiye, da tsayuwa a cunkoso inji na aiki mita ba ta ƙirgawa. Wanda ke bin hanyar Nyanya da Mararraba kullum ya san awa nawa ke tafiya a haka. Shi ya sa jadawali ke haɗa kilomita da watanni, duk wanda ya riga zuwa.

A nawa hukuncin, zagaye ɗaya na mai kauri da wuya shi kaɗai ya kashe wannan giya a injin da aka kula da shi. Amma "da wuya" ba hujja ba ce, kuma ba mu da samfurin man da aka zuba a Zariya da za a auna.

Wasiƙa da zama

Mun rubuta wa manajan sashen gyara wasiƙa shafi ɗaya da rabi, muka kai da hannu, aka buga mana hatimin karɓa a kwafi. Mun raba matsalolin biyu, kowace da tata buƙata. Mun kawo layin littafin garanti da lambar shafinsa. Mun haɗa kwafin rasit na Apo da na filtar da aka saya a kantinsu. Mun faɗi abin da ya faru a hanyar Zariya yadda yake, har da hoton filtar. Mun ce layin da ke bayan takardar karɓa ba a taɓa jawo hankalinta gare shi ba, kuma ya zarce abin da kamfanin da ya ƙera motar ya shar'anta. Sannan muka nemi abu biyu: in za a ƙi, a rubuta mana dalilin ƙin kowane ɗaya da yadda aikin waje ya jawo shi, kuma a buɗe murfin saman injin a gabanmu a ga halin da yake ciki. A layin ƙarshe muka ce in ba a warware ba, za ta kai ƙorafi FCCPC. Babu zagi, babu barazanar tona asiri a Facebook.

Neman dalili a rubuce shi ne ya motsa lamarin. Abin da ake faɗa a bakin kanta da sauƙi, da wuya manaja ya sa hannu a takarda cewa juyen baƙin mai ne ya kashe kwamfuresar AC, domin duk injiniyan da ya karanta zai san ba haka ba ne.

An kira mu. Yaya ta nemi a bar makanikenta ya halarta, aka yarda ya tsaya ya kalla, ba zai taɓa komai ba. Da aka buɗe murfin, saman injin fes yake, babu daskararren baƙin datti irin na injin da aka yi wa sakaci. Injiniyan dila da kansa ya ɗauki hotuna. Manajan, dattijo ne mai natsuwa, ya ce, "Hajiya, AC ba mu da ta cewa, za mu tura buƙata. Injin kuwa ke da kanki kin rubuta abin da aka zuba. In na tura shi a matsayin garanti tsantsa, za su dawo mini da shi."

Ta ce, "Yallaɓai, kun gani da idonku injin a wanke yake. Da na ɓoye muku, da me za ku ce?"

Ya ce, "Da kin ɓoye, da gibin kilomita 10,000 zan nuna miki, kuma da ba mu zauna nan ba."

Abin da aka tsaya a kai: kwamfuresa da aikin ɗaura ta a kan garanti. Giyar injin kamfani zai bayar a matsayin alfarma, ita ta biya kuɗin aiki da gasket da sabon mai. Garantin injin ya ci gaba, da sharaɗin sauran sabis har ya cika a garejinsu za a yi. Ta nemi a rubuta duka a takarda mai kan kamfani, aka rubuta. An ɗan jira kafin kayan su iso daga Legas.

Inda nake ganin an tsaya rabi

Sulhun ya yi mata daidai gwargwado, kuma da ni ne a kujerarta da na karɓa. Amma ba a gwada layin nan na bayan takardar karɓa a gaban kowa ba. Yana nan, kuma gobe za a karanta wa wani. Yaya ta tsira ne domin tana da ilimin rubuta wasiƙa, tana da wanda ya san yadda buƙatar garanti ke tafiya, kuma Allah ya haɗa ta da makanike mai rubutu. Ɗan kasuwar da ya sayi irin motar nan a Wuse, aka ce masa garanti ya faɗi, mafi yawa zai ce Allah ya isa ne ya biya, ko ya juya ya tafi. Haƙƙin da sai mai baki ke samu bai gama zama haƙƙi ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Abin da Afirka ta Kudu ta yi ba ya buƙatar sabuwar doka daga majalisa: hukumar gasa ce ta zauna da kamfanoni da masu garejoji ta fitar da jagora. FCCPC tana riƙe da gasa da kare masu saye a hannu ɗaya, kuma ga Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, NADDC, a nan Abuja, wadda ta daɗe tana horar da makanikai. Ina ganin su biyun za su iya tsara abin da rasit ɗin gareji mai zaman kansa zai ƙunsa kafin a karɓe shi a matsayin shaida, su kuma ce dila ya rubuta dalilin ƙi a kan sashen da ya lalace kaɗai. Ƙungiyar makanikai ta NATA ma tana da nata aikin, domin yawancin garejojin Apo da Kugbo har yau ciniki ne na baki da baki, kuma makanike mai hannu mai kyau da ba ya rubutu yana jefa kwastomansa cikin asarar da bai sani ba.

Wata tambaya ta taso bayan an gama. Tsadar fetur ta sa Yaya tana son a mayar da motar mai amfani da iskar gas ta CNG, irin shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Wannan karon ta rubuta wa dila ta tambaya kafin ta taɓa komai. Suka amsa a rubuce cewa in aka yi juyin a wajen da kamfani bai amince da shi ba, garantin inji da na hanyar mai zai faɗi, littafin garantin ma ya sa sauya ƙirar mota a jerin abubuwan da bai ɗauka ba. A wannan babu saɓani tsakanin takardun biyu, don haka ta ɗage maganar gas sai garantin ya cika a ƙarshen 2025.